Kofaton Mimosa

Ranar Litinin da safe Rosilene, nas ɗin ƙauyen Baixa Funda, ta buɗe ɗakin shan magani ta tarar da tagar baya a wangale, ruwan sama ya jiƙa siminti, kwalin tsinken gwajin zazzaɓin dengue kuma ya yi ɓatan dabo daga kan kanta. Ba a taɓa allurai ba, ba a taɓa maganin ciwon kai ba, har rediyon da ta manta a kan tebur yana nan. Kwalin kaɗai aka ɗauka.

Kafin ruwan kofi ya tafasa a gidaje labari ya gama gari. Damina ce, sauro ya ƙyanƙyashe a kowane duro, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da wani kwance yana kukan ciwon ƙashi ba, don haka kowa ya ɗauki satar kamar shi aka yi wa. Mutane suka taru a gindin bishiyar da ke gaban ɗakin, kowa na satar kallon ɗan'uwansa. Seu Firmino mai kanti, wanda bai taɓa barin magana ta huce a bakinsa ba, tuni ya gama shari'a.

"Mutum biyu ne, ba na uku. Ko Valdeci mai babur, da ke jigilar kaya zuwa birni, ko Marluce. Ranar Juma'a kowa ya ji ta tana cewa in ba a sake gwada 'yarta ba za ta ɗauka da hannunta."

Rosilene ta aika a kira Seu Anacleto.

A duk yankin, in saniya ta ɓace cikin ƙaya ko an ja akuyar wani, Anacleto ake kira. Ya haura saba'in, ciwon suga ya rage masa nama, amma idonsa na nan. Yakan dubi ƙasa ya gaya maka wanda ya wuce, da abin da ya ɗauko, da ko ransa a ɓace yake. Ya iso a hankali da sandarsa da hularsa ta fata, yana jin daɗin kansa, domin murar da ta kwantar da shi a ragar kwanciya kusan mako guda ta sake shi da asubahin nan. Jikinsa ya yi sanyi, har ya yi wa matarsa Lindalva gori cewa da ma ya gaya mata.

Ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba, kuma ba wanda ya ce ya shiga. Ta wannan ƙofar aka fito da ɗansu Edmilson aka sa shi a motar asibiti zuwa birni, shekarun baya, sai akwatinsa aka dawo da shi. Tun ranar Anacleto bai sake taka ɗakin ba.

"Albarka, Baba," in ji Rosilene, ta sumbaci hannunsa. Shi ya riƙe ta ranar baftisma, tun tana jaririya.

"Allah ya yi miki albarka. Me suka ɗauke miki, 'yata?"

Ta ja shi gefe ta rage murya. "Baba, ba kwalin ne damuwata ba, za a kawo wani. Wanda ya ɗauka ba don sayarwa ya ɗauka ba, in da sayarwa ce da allurai zai kwasa. Marar lafiya gare shi a gida yana ɓoyewa. Tsinken nan in ya nuna layi biyu, to, an san dengue ce. Amma layi ɗaya ba ya nufin babu. In ciwon ya kwana biyu a jiki, ko mutum ya taɓa yi a da, sai ya nuna maka layi ɗaya lafiya lau, alhali ciwon na ciki. Mu in muka ga haka jini muke ɗiba mu aika birni. Shi kuwa zai ga layi ɗaya ya gode wa Allah ya koma harkarsa."

"Sai me?"

"Sai zazzaɓi ya sauka, a ce an warke. Lokacin ne abin tsoro. Ciki ya fara ciwo, dasashi ya fara jini, mutum ya yi laushi. In ba a sa masa ruwa da wuri ba, tafiya yake. Ba ɓarawo nake so ka nemo mini ba, Baba. Marar lafiyar nake so, kuma yau."

Anacleto ya gyaɗa kai, ya ji tausayin wannan bawan Allah da bai sani ba. A wurinsa dengue ciwon mutane ne. Shi ya yi tasa tun shekarun baya ya gama, abin da ya kwantar da shi kuwa mura ce, tunda shi ya ce mura ce.

"Ka rame, Baba," ta ce, tana duban fuskarsa.

"Tsufa ne. Ki jira naki."

Ya zagaya bayan ɗakin. Sakatar tagar ta daɗe da lalacewa, duk garin an sani. A ƙasa babu sawun mutum ko ɗaya. Ruwan da aka tafka jiya Lahadi da yamma ya share komai, awaki kuma sun bi sun tattake wurin, kamar yadda suke tattake ko'ina a garin nan. Abin da ya samu kawai shi ne shatin tayar babur a jikin katanga, inda rufin kwano ya tsare ruwa.

* * *

Ya sami Valdeci a tsugune yana wanke babur. Saurayin ya miƙe da sauri, tsumma na ɗiga a hannunsa.

"Seu Anacleto, na rantse da uwata..."

"Bar uwarka ta huta. Tayarka ta baya tana da faci, kuma facin ya kwana a bayan ɗakin shan magani. Me ka je yi?"

Valdeci ya dubi ƙasa, ya dubi sama, kunnuwansa suka yi ja. "'Ya'yan umbu na kai."

"Umbu."

"Rosilene tana son su. Nakan ajiye mata a kan tagar, in ta zo Litinin ta gani. Ba ta san ni ne ba." Ya matse tsumman. "Jiya bayan an fito coci na je, sai na ga tagar a buɗe. Na zaci mantawa ta yi. Na ji tsoro kada a gan ni a wurin, na juyo da kayana."

Ya nuna wata leda a rataye a hannun babur, 'ya'yan itacen umbu masu ɗan tsami sun fara laushi a ciki. Anacleto ya daɗe yana kallon ledar. Shi ma akwai lokacin da ya yi wata guda yana ajiye zuma a kan dangar gidan su Lindalva, har ƙanenta ya yi ƙiba.

"Kafin ruwa ke nan tagar take buɗe?"

"Rana tsaka, ko hadari bai haɗo ba."

"To. Ka kai mata da hannunka kafin su ruɓe. Mace ba ta auren taga."

Da ya juya zai tafi wani abu ya murɗa masa a ciki, ƙasan haƙarƙari. Ya dogara da sanda har ya lafa, ya ɗora laifin a kan waken jiya.

* * *

Dona Marluce na shanya a tsakar gida. Tana ganinsa ta riƙe ƙugu.

"Firmino ne ya aiko ka? Ka shiga ka duba, har ƙarƙashin katifa. Na yi faɗa, ban musa ba. Yarinya na ci da wuta, abu ya nuna layi ɗaya, me kake so in yi, in yi rawa?"

"Ina yarinyar?"

"Tana birni wajen yayata, ta fara cin abinci." Muryarta ta sauko. "Rosilene ce ta ɗebi jininta ta aika, ina tsaka da zaginta. Aka ce dengue ce. Da na biye wa layin nan, Seu Anacleto, da yanzu wani zance ake. Ni in saci abin da ya yi mini ƙarya? Ko kyauta aka ba ni ba na so."

Ta kawo masa kujera da kofi, da ɗan gutsuren mazarƙwaila a faranti. An hana shi zaƙi, amma Lindalva ba ta nan, don haka ya gatsa. Da ya cire daga baki ya ga ja a jikinta. Ya juya ta cikin tafin hannu, ya ce a ransa masu yin mazarƙwailar yanzu dutse suke dafawa.

"Ranar Juma'ar nan wa ke wurin ban da ke?"

"Rabin gari. Ai Dona Lindalva ce ta riƙe mini yarinyar da za a soke ta, Allah ya saka mata. Ita ce ma ta yi ta tambaya, jini ɗigo nawa, ruwan kwalbar ɗigo nawa, a jira har yaushe. Har Rosilene ta ce ko aikinta take so ta ƙwace."

Anacleto ya ajiye kofin bai sha ba. Lindalva ta gaya masa ranar Juma'a wajen ɗinki ta je.

* * *

Ya koma bayan ɗakin shan magani, yana tafiya yana hutawa, ƙafafunsa kamar an ɗaura musu bulo. Wannan karon bai nemi sawun mutum ba. Awakin ya duba, ya kuma ji kunyar kansa. Akuya mai yawon kanta takan tsaya nan ta ciji ganye, ta karkata can. Waɗannan a jere suka zo, a jere suka koma, ga shi babu ko ciyawa a wurin. Koro su aka yi.

Ya bi su zuwa inda hanya ta buɗe, sawun ya rarrabu. A gaban duka akwai wata mai kofaton baya na hagu da ya lanƙwashe waje kamar ƙugiya. Ba sai ya tsuguna ba. Shi yake yanke wannan kofaton da wuƙarsa duk wata, rashin lafiyar nan ce ta sa bai yi ba. Mimosa ce, akuyarsa. Daga gefe, a bakin ciyawa, ga silifa ƙarama da ke jan diddigen dama kaɗan. Ya fi shekara arba'in yana ganin wannan sawun tsakanin murhu da rijiya.

Bai ji haushi ba. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai ji ba tun ranar Edmilson. Lindalva ba ta da wanda za ta ɓoye, daga ita sai shi a gidan. Ke nan ita ce ba lafiya. Tana ta dafa masa shayin ganye tana juya shi a raga, ashe ita ma ciwon na cinta, ta yi shiru don kada ta ɗaga masa hankali. Shi kuwa yana kwance yana gori.

Ya nufi gida, sai ya ji hayaniya daga gindin bishiya. Firmino ya gaji da jira, ya tara mutane.

* * *

An tsayar da Valdeci da ledarsa a gefe ɗaya, Marluce a ɗaya gefen tana zazzaga wa Firmino abin da ya samu. Rosilene na bakin ƙofa. Can baya, kusa da katanga, Lindalva na tsaye da kwando a hannu an rufe shi da ƙyalle.

"Yauwa, ga mai sawu," in ji Firmino. "Wanne ne a ciki?"

"Ba ko ɗaya. Valdeci ya je wurin, amma abin da ya kai shi ba sata ba ne, shi zai faɗa da bakinsa in ya yi ƙarfin hali. Marluce kuwa bakinta ne kawai, kuma kai ne na ƙarshe da zai yi wa wani gorin baki."

Aka yi dariya. Anacleto bai yi ba. Ya ratsa mutane ya je gaban matarsa, ya dube ta yadda yake duban ƙasa. Idonta fari tas. Leɓenta ba bushewa. Tsayuwarta daram, kwandon ma ba ya rawa a hannunta. Ya kai bayan hannunsa ya taɓa wuyanta a gaban kowa, abin da bai taɓa yi ba, ya ji shi daidai. Lafiyarta ƙalau, sai dai idon wadda ta kwana biyu ba ta yi barci ba.

Ya sauke hannu ya damƙe sanda, sai ɗan yatsansa ya yi masa zafi. Ya ɗaga ya duba.

Kullum da safe Lindalva ke soka masa yatsa ta gwada suga. Ɗigo ɗaya take ɗauka, ƙanƙani, kuma a gabansa take karantawa don ta samu abin yi masa faɗa. Jiya da yau kuwa ta matse yatsan kamar mai tatsar akuya, ta juya baya ta shige kicin, ta daɗe. Ga wurin nan ya yi shuɗi. Ya tuna murɗawar ciki, ya tuna jan da ke jikin mazarƙwaila. Ya tuna kuma ranar da zazzaɓin ya fara, da ya ɗauko hoton Edmilson daga bango ya sa ta ɗora hannu ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba, don kada a sa shi a waccan motar. Ta yi kuka, ta roƙe shi, ya ƙi. Ta rantse, kuma Lindalva ba ta taɓa karya rantsuwa ba, balle wadda ta yi da ɗanta.

Tun safe yake yawo gida gida yana neman mutumin da ke cikin rigarsa.

"Tsohuwata," ya ce a hankali, "layi nawa?"

Ba ta buɗe baki ba. Ta ɗaga yatsa ɗaya, hawaye suka zubo mata.

Anacleto ya juya ya fuskanci jama'a, ya cire hularsa. "Kwalin yana cikin kwandon nan. In akwai laifi nawa ne, ni na ɗaure mata baki da rantsuwar da bai kamata a sa uwa ta yi ba. Rosilene, kin ce in nemo miki marar lafiya. Ga shi." Ya waiwayi matarsa. "Na warware miki. Faɗi."

Ai kuwa kamar an buɗe famfo. Ta faɗi ranar da ya fara, da aman da ya yi ya ce ba amai ba ne, da abincin da yake zuba wa kare in ta juya baya, da jinin da ta gani a bakin matashi da asubahin nan. Rosilene ba ta jira ta gama ba, ta kama hannunsa ta danna farce ta duba, ta ce wa Valdeci ya hau babur ya je inda waya ke kamawa ya kira mota. Valdeci ya tura mata ledar umbu a hannu, ya ruga. Firmino ya buɗe baki, ya ga ba mai kallonsa, ya rufe.

A bakin ƙofar Anacleto ya tsaya. Simintin nan ne, ƙofar nan ce, ko fenti ba a sake ba. Lindalva ta zo ta tsaya kusa da shi, ba ta ja shi ba. Ya miƙa mata sandar, ya dafa kafaɗarta, suka shiga tare.

* * *

Ruwa na ɗiga a hankali cikin jijiyarsa. Rosilene ta ce an same shi da sauran lokaci, amma birni dole, kuma ba ta son jin wata magana. Ta fita ta bar su. Lindalva ta jawo kujera, tana yi masa fifita da hularsa.

"Tare za mu tafi," ta ce. "Tare kuma za mu dawo, kana zaune, kana damuna da surutu."

Ya ɗaga ido yana kallon rufi. Can ya ce, "Abin ya ce ba ni da komai."

"Tsinken nan jiya jiya ya san ka. Ni na san yadda kake numfashi in kana ƙarya."

Ya yi murmushi, ƙarfinsa ya ɗan dawo, da shi kuma halinsa. "Amma kin ba ni kunya, tsohuwata. Matar mai bin sawu guda. Kin yi satarki ranar Asabar, Allah ya aiko ruwa ya share miki komai, ko ni ban isa in gano ki ba. Sai ki tashi yau da sassafe ki kora awaki a kan ɗanyar ƙasa, wai kina ɓoye sawun da babu shi. Kuma duk awakin gidan ki rasa wadda za ki ɗauka sai Mimosa. Kofaton nan ko makaho ya shafa ya san na gidana ne."

Lindalva ta gyara masa matashi, ta goge masa gefen baki da bakin zanenta.

"Na sani," ta ce. "Da bakina na rantse, ban rantse da na Mimosa ba. Shi ya sa na sa ta a gaba."